Tankin da Ya Daina Nauyi

Ɗakina a unguwar Xiaobei, cikin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, a hawa na bakwai yake, kuma gidan ba shi da lif. Shekara da shekaru ban ɗauki wannan a bakin komai ba, har tsiya nake yi wa baƙina 'yan kasuwa in na ji suna haki tun a hawa na huɗu. Sai ranar da likita ya gama yi wa Hajiya aikin gwiwa, ya ce za a sallame ta amma ta riƙa dawowa gashin ƙashi har sati shida, kuma kada ta kuskura ta taka bene, sannan na tsaya a ƙasan gidan na ɗaga kai ina ƙirga tagogi.

Hajiya ita ta haife ni, kuma ni ne ɗan farinta. Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. A wurin kakata aka yaye ni, can na girma. In tana da magana da ni sai ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya wa wancan kaza," ko da kuwa tabarma ɗaya muke zaune. Ƙanwar tawa ce ya kamata ta rako ta, bizarta ba ta fito ba, matata kuma tana Kano tana jego. Sai ga mu mu biyu a ƙasar Sin, babu mai kai saƙo a tsakani.

Na gwada kai ta otal. Kwana biyu ta yi ta ce a fitar da ita. Taga ba ta buɗuwa, ƙasa ba ta ganuwa, lif kuma in ya tashi sai ta rufe ido ta kama salati. Ta dubi bango ta ce, "Ni dai ba tsuntsuwa ba ce da za a rataye ni a sama." Na san da ni take, tunda bangon bai kawo ta China ba.

Kayan famfo nake saye ina aikawa gida, kawunan famfo da tiyo da makamantansu. Mutumin da nake saye a wurinsa, wani Basine ne mai furfura, wanda kowa ke ce wa lauban, wato maigida. Yana da sito a unguwar Baiyun, kusa da asibitin. Da na ba shi labari, da guntun Turancinsa da guntun Sinancina, sai ya miƙe. Ya ja ni bayan siton, ya yaye wani tamfol. Mota ce a ƙasa, farar mota mai ɗaki a ciki. Akwai gado, akwai ɗan risho da wurin wanke-wanke, akwai na'urar sanyaya ɗaki, har da banɗaki mai masan zama wanda faɗinsa bai fi a juya ba. Ya ce ta daɗe a ajiye, mu zauna har Hajiya ta warke.

Wuta muka jawo da waya daga sito. Ruwa muka jawo da tiyo, daga cikin hajar da nake saye. Na jera katako na yi mata gangara a bakin ƙofa don kada ta ɗaga ƙafa. Abu ɗaya ne babu, wato inda ƙazanta za ta bi ta tafi. Filin siminti ne, ba rami ba magudana, sai banɗakin ma'aikata a can ƙarshen fili. Ni da na cika kwantena da kayan banɗakin mutane, sai ga shi tawa uwar ba ta da bututu ko taku ɗaya.

Lauban ya nuna mini yadda ake yi. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana taruwa a tanki ɗaya a ƙarƙashin mota, shi mai sauƙi ne, ka tara bokiti ka murɗa kan famfo, ka kai kwata ka zubar. Ɗayan shi ne aikin. A gefen motar, daga waje, akwai wata 'yar ƙofa. In ka buɗe sai ka zaro tanki mai ruwan toka, yana da tayoyi biyu da hannun ja, sak akwatin da matafiya ke ja a filin jirgi. Kafin ka zaro sai ka tabbata an rufe marfin masan daga ciki. Ka ja shi har banɗaki, ka juya bakinsa waje, ka kwance murfi, ka karkata. Ya nuna mini wani ɗan madanni a bayan tankin, ya danna sau uku yana kallon idona. Na gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda yake ganin ya fi mai koya masa sani. Ya ce in mutum ɗaya ne, tankin yana kai kwana uku ko huɗu kafin jar fitila ta kama, alamar ya cika.

Washegari da hantsi jar fitila ta kama.

Na ce motar ce ta lalace. Lauban ya zo ya duba, ya leƙa banɗaki, ya ga butar Hajiya a ƙasa, babba, wadda ta zo da ita tun daga Kano a cikin zannuwanta. Ya ɗaga ta ya auna a hannu, ya dube ni, sai ya fashe da dariya. Wanda ya ƙera tankin da masu tsarki da takarda ya yi lissafi. Bai san akwai masu shiga da buta cike su fito da ita wayam ba, sau nawa a rana ma. Tun daga ranar na san aikin na kullum ne.

Zuwana na farko na manta da madannin nan. Ashe iska yake ba wa tankin don abin ya fita a hankali. Na karkata kawai, ya yi wata irin gyatsa, ya fantsamo mini har gwiwa. Na tsaya a banɗakin mutane ina zagin wanda ya ƙera shi da kakansa, alhali laifin nawa ne. Na wanke wurin tas, na wanke wandona a famfo, na dawo a jiƙe. Hajiya ta dubi labule ta ce, "Yau kuma ruwa aka yi a waje?" Na ce e, ɗan yayyafi.

Ban gaya mata gaskiyar tankin ba. Ranar da muka tare ta tambayi iska inda abin yake zuwa, na ce akwai rami a ƙasa. Ƙarya na yi, kuma har yau ban yi nadama ba, don na san wadda nake tare da ita.

Cikin kwana kaɗan hannuna ya faɗa. A ofishin sito nake kwana a kan katifa. In gari ya waye na yi sallah, sai in jira in ji ta kunna karatu a waya, alamar ta koma gado. In sa safar hannu, in buɗe 'yar ƙofar a hankali, in zaro. Ba na jan sa a kusa da mota, don tayoyin suna ƙara a kan siminti. Ɗauka nake yi a hannu sai na wuce tarin kwalaye, sannan in sauke. In zubar, babban yatsa a kan madanni. In zuba ruwa in girgiza in zubar, sau uku. In zuba shuɗin magani da ɗan ruwa, in goge jikinsa, in mayar. Daga nan in wanke hannu har gwiwar hannu, in shiga in gaishe ta kamar yanzu na tashi.

Ba zan ce aikin yana da daɗi ba. Zafin Guangzhou mai ɗanshi ne, ba ya barin wari ya wuce. Amma akwai wani abu da nake ji in na mayar da tankin na ji ya ce ƙas, ya zauna a mazauninsa. A lokacin ban san sunan abin ba.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Maraɗi, matar abokina, mai sarin labule. Ita ke zuwa kullum ta yi wa Hajiya wanka ta canza mata kaya, ta kawo mata fura ko ɗan tuwo. Allah ya saka mata, sai dai bakinta ba ya da linzami. Wata rana ta yi sammako, ta iske ni ban dawo daga ƙarshen fili ba. Hajiya ta ɗaga labule ta hango ni ina jan abu, ta tambaye ta ina wancan zai je da akwati da sassafe haka.

Da bakinta 'yar Maraɗin ta ba ni labari daga baya, tana tafa hannu. "Wallahi Alhaji ban san ba ta sani ba hwa. Ce mata na yi, Hajiya ai ba akwati ba ne, tankin bayan gida ne, ɗanki ka kai shi kullum ya wanko. Na ce ki gode Allah, irin su ba su da yawa. Sai na ga ta saki labulen."

Ni a ranar ban san an yi haka ba. Na shiga na gaishe ta, ta amsa tana kallon carbi, kamar kullum. Da na kawo shayi ta ce yau Litinin, tana azumi. Na ce likita bai ce a yi ba. Ta ce likita bai san Litinin ba. Talata ta ce akwai ramuwa a kanta. Laraba ta karɓi shayin ta ajiye, na dawo da azahar na tarar ya yi sanyi a inda yake. Da magariba takan ci loma biyu ta kurɓi ruwa kamar mai shan magani. Na ɗauka kewar gida ce, ko abincin ne bai yi mata ba. Na shiga jirgin ƙasa har Xiaobei na nemo mata kuɓewa da yaji.

Tankin kuwa ya fara sauƙi. Jar fitila ta daina kamawa. Da hannu ɗaya nake ɗaukar sa. Kuma ni, da girmana da gemuna, murna na yi. Har na ce a raina Hajiya ta koyi tattalin ruwa.

Ranar Juma'a lauban ya zo duba kaya, ya gamu da ni a tsakiyar fili. Ya miƙa hannu ya karɓi tankin, ya ɗaga, ya girgiza shi a kusa da kunnensa. Fuskarsa ta canza. Ya tambaye ni na kwana nawa ne. Na ce na jiya da yau. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo, meyo." Babu, babu. Ya nuna bakinsa, ya yi alamar sha, ya nuna motar.

Sai ya ajiye tankin a tsakaninmu ya gaya mini abin da ban taɓa tambaya ba. Saboda mahaifinsa ya sayi motar. Tsohon ya kwanta ciwo, ya ce yana so ya ga teku da garinsu kafin ya tafi, shi kuma ya ɗauke shi suka yi ta yawo. Wannan tankin shi ya riƙa jan sa, a tasha, a gidan mai, a duk inda aka ba shi izini. Ya ce tsoho ba ya gaya wa ɗansa gaskiyar jikinsa, amma tanki yana faɗa. In ya yi nauyi, ka gode. Ya ce nasa ya yi ta raguwa har ranar da ya zaro shi ya tarar shuɗin maganin ne kawai a ciki. Sai ya ɗaga mini hannun jan ya miƙo mini.

Da rana na kai ta asibiti ba ranar zuwanmu ba. Wata likita ta ja fatar hannun Hajiya ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Aka ɗebi jini. Ta rubuta a waya, wayar ta fassara mini: ruwan jikinta ya yi ƙasa ƙwarai, magungunan da take sha suna bukatar ruwa, in aka ci gaba a haka ƙoda za ta taɓu. Suka sa mata ruwa leda biyu, suka ce in ba ta sha da bakinta ba zuwa Litinin, za su sake kwantar da ita. A hanyar dawowa ne 'yar Maraɗi, da ta raka mu, ta ja ni gefe ta ba ni labarin labule.

Ina da zuciya, kowa ya sani. A kasuwa har suna aka sa mini saboda ita. Amma ban taɓa ɗaga wa Hajiya murya ba, don ba mu taɓa yin doguwar maganar da za ta kai ga haka ba. Ranar na yi. Muna shiga mota na ce, "Hajiya, kashe kanki za ki yi a ƙasar mutane saboda tanki? In kai gawa gida in ce me? Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi!"

Ta juya fuska bango, ta ja mayafi ta rufe kai. Na ga kafaɗarta, yadda ta rame, na ji kunya ta rufe ni. Na fita.

Washegari na zo da sabuwar dabara. Na ce na ɗauki wani ma'aikacin sito, shi zai riƙa yi, ni ba ruwana. A nan ta yi magana, da ƙarfin da ban zata tana da shi ba. "Ɗan mutane? Me uwarsa ta yi mini? Kada a soma." Ta ture kofin da na ajiye. Wannan ƙaryar ko awa ɗaya ba ta yi ba.

Na rasa yadda zan yi. Na je wurin lodi na kasa ƙirga kwali, sau biyu ina ɓata lissafi har mai kaya ya ce in je in huta. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Kuma haushinta nake ji, don na san taurin kan nan, shi ne nawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ranar Lahadi bayan la'asar na cika kofin silba da ruwa, na ajiye a kan ɗan teburin da ke gefen gadonta. Ban zauna a ciki ba. Na fito na zauna a kan gangaren katako a bakin ƙofa, na ba ta baya, ina kallon fili. Na lura tun tuni maganarmu ta fi tafiya in ba ma ganin fuskar juna. Wata motar ɗaukar kaya tana ta kai da kawo a gabana.

Na ce, "Hajiya, na yi kuskure shekaranjiya. Ki yafe mini."

Ta ce, "Allah ya yafe mana."

Na ce, "Ke ma ai kin wanke nawa."

Ta ce, "Wannan daban. Uwa ce ke ɗaukar na ɗa. Ba a juya tabarma." Sannan ta ƙara, muryarta a ƙasa. "Mutum da iyalinsa, da mutuncinsa a kasuwa, ana ce masa Alhaji. A ce ni na mayar da shi haka. Da na san haka ne, da na zauna da gwiwata a gida."

Abin da na faɗa daga baya ban shirya shi ba, ban ma san yana cikina ba.

Na ce, "Hajiya, ƙanwata ce ke yi miki kitso. Autanki ke kai ki unguwa a mota, shi ke yanke miki farce. In kina zazzaɓi su ke kwana a ɗakinki. Ni tunda na yi wayo, abin da aka bar mini shi ne in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ki, in aiko saƙo a kawo miki. Ban ce kin yi laifi ba, haka aka tarar. Amma shekara arba'in da 'yan kai ban taɓa yi miki wani abu da hannuna ba. Sai wannan. Ba shi da kyau, na sani, wari gare shi. Amma shi kaɗai ne ya zo hannuna, kuma wallahi da farin ciki nake tashi in yi shi. Don Allah kada ki ƙwace mini."

Muryata ta karye a ƙarshe, na ji haushin hakan. Na share fuska da hannun riga ina kallon motar kaya kamar ita ce damuwata.

Har na ɗauka barci ta yi. Sai na ji ƙarar gado. Na ji kofin ya gogi tebur. Na ji ta yi bisimilla, na ji ruwa yana wucewa a maƙogwaronta, kurɓi bayan kurɓi, ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Ban juya ba. Na san in na juya za ta ajiye.

Ta ce, "Akwai saura?"

Na tashi na ɗauko gora na cika kofin, idona a ƙasa. Ta shanye rabi. Ta ce shayin nan na safe, in ba a zubar ba a ɗumama. Na ce na zubar, amma zan dafa wani. Ina tsaye a gaban risho, bayana gare ta, ruwa bai ma fara tafasa ba, na ji ta gyara zama tana jan butarta kusa da gado.

Ta ce, "Gobe ka fito da wuri, kafin rana ta yi zafi. Kuma ka ja shi a tayarsa, ka daina ɗauka a hannu kana laɓe-laɓe, bayanka zai yi ciwo. Zai yi nauyi."

Na ce, "To, Hajiya."